Lemun da Aka Ce Ba Ya Cin Taki

Athol Reeve labari ɗaya gare shi, kuma duk kwarin Huon, a kudancin tsibirinmu mai sanyi, babu wanda bai sha shi ya ƙoshi ba. Ko a shagon Merv ka same shi, ko a layin ganin likita, ko a bakin kabari ana jiran fasto ya gama, in dai ka yi kuskuren cewa yau ana sanyi, to ka taɓo wa kanka. Zai gyara tsayuwa ya ce, "Sanyi? Zo gidana ka ga abin da ya raina sanyi." Daga nan sai ka nemi abin jingina.

Abin da yake nufi wani lemu ne guda ɗaya da ke tsaye a tsakiyar filinsa, can saman kwari inda titin tsakuwa ya ƙare. Kowa ya san yadda muke riƙon lemu a nan. A jikin bangon bulo ake dasa shi, wanda ke kallon arewa don ya sha rana, a lulluɓe shi da buhu duk yammacin da aka ga sama ta washe, a yi ta lallaɓa shi kamar jinjiri, kuma duk da haka wani hunturun ya zo ya ƙone shi. Na Athol kuwa babu bango babu buhu. A wurin da ruwan kwanon kare ke wayar gari a daskare, nan yake tsaye da ƙayoyinsa masu tsawon yatsa. In watan Yuni ya kama, lokacin hunturunmu ke nan, sai ya cika da 'ya'ya rawaya masu kaushin ɓawo, tsami kamar me, ga ƙamshin da ke bin hannu har washegari.

Asalin Athol ba mutumin lemu ba ne. Mai auren tuffa ne, gadon ubansa: ya yanko reshen iri mai kyau, ya tsaga gindin wata bishiyar ya zaunar da shi, ya ɗaure, su zama abu ɗaya. Zamanin da jiragen ruwa ke bin layi suna lodin tuffa zuwa Ingila, babu gonar da wuƙarsa ba ta shiga ba. Sai kasuwa ta mutu, aka koma biyan manoma su tumɓuke itatuwansu. Yana tsaye yana kallo katafila ta ture bishiyoyin da ya aurar da hannunsa, aka tara su tuli-tuli aka cinna wuta. Daga wannan shekarar bakinsa ya mutu. Yakan ci abinci, yakan fita, yakan dawo, amma matarsa Glenys ta ce ta yi shekara biyu tana zaune da wani baƙo mai kama da mijinta.

Lemu ne ya dawo da shi cikin mutane. Ya sa wa ransa sai ya samar da wanda zai tsaya a fili ba tare da gata ba. Akwai wani lemun daji mai ƙaya, mai ganye yatsu uku, wanda sanyi ba ya yi masa komai, sai dai 'ya'yansa ko alade ba ya ci. Athol ya samo gashin kaza, ya kwaso garin furen wannan, ya shafa wa furen lemun tsamin da ke jikin bangon kicin. Da ya nuna ya cire ƙwayoyin ya shuka a gwangwanaye, guda ɗaya ya tsira. Ganye biyu kacal gare shi lokacin da aka kira Athol aikin aure a arewacin tsibiri, aikin da zai riƙe shi har ƙarshen hunturu. Ya ɗauki gwangwanin ya ɗora a kan kututture a fili, ya ce wa Glenys, "Kada ki shigar da shi, kada ki rufe shi, kada ki ba shi komai. In ɗana ne zai tsaya da ƙafarsa." Da ya dawo ya same shi a tsaye, har ya ƙara tsawo.

Tun daga ranar ya kafa doka, wai wannan lemu ba ya cin taki. "Taki ke lalata su," yakan ce. "Ka ba shi ya yi toho mai laushi, sanyi ya zo ya lashe. Nawa horo ya sha." Doka ta biyu a kan Glenys ta faɗa, ba ta da izinin taɓa shi. A gaban mutane yakan nuna ta da haɓa ya ce, "Hannun matar nan, ko ƙaya ta shuka sai ta mutu." Ita kuma ta yi dariya ta ce, "Na ji, sarkin noma. Sha shayinka kada ya huce."

Da lemun ya girma, ganyensa bai ɗauko uwa ba bai ɗauko uba ba. Wannan bai dami Athol ba ko kaɗan. Duk mutumin tuffa ya san ƙwayar tuffa ba ta haifar mai kama da iyayenta. Ka shuka goma, goma su fito kowa da fuskarsa. Ya ɗauka haka lemu ma yake. Ya zauna jira shekara goma sha wani abu kafin ya ga furen farko, kuma ranar da ya gan shi sai da ya tuƙa mota har shagon Merv don kawai ya faɗa.

Haka suka tsufa su uku, shi da ita da lemun. Ɗansu ya tafi Perth ya zauna can. Ranar Laraba Glenys takan gangara da ƙafa zuwa gada ta biyu inda motar mai kifi ke tsayawa, ba ta dawowa sai rana ta yi sanyi. Ranar Alhamis shi kuma yakan sauka buga kati a bayan shagon Merv. Rigimarsu ta mako-mako ba ta wuce ta kifi ba.

"Kullum ki sayo shi da kai da hanji," yakan ce, "kuma ban taɓa ganin kan a faranti ba."

"Kyanwa ma baiwar Allah ce," in ji ta.

Glenys ta rasu a wani watan Agusta, ciwon bai ja ta da nisa ba. Mutanen kwari suka yi abin da suka saba, aka kawo miyar kabewa da gasasshen nama a kwanuka, aka yi mako biyu ana leƙowa, sannan kowa ya koma harkarsa. Gidan ya yi wa Athol yawa. Ya koyi barin rediyo a kunne a kicin, don in ya shigo daga fili ya tarar da murya. Ran Lahadi ɗansa yakan kira, su yi zancen ƙwallo da ruwan sama, a ajiye waya. Da lemun ya nuna ya rasa yadda zai yi da shi, don Glenys ce ke kwashewa a kwando ta gangara da shi, bai taɓa tambayar wa take kai wa ba. Sai ya zuba a akwati ya ajiye a bakin ƙofar shinge, ya rubuta a kwali cewa kowa ya ɗauka kyauta. Ya manta titin a gidansa ya ƙare, babu mai wucewa. Bayan kwanaki ya je ya ɗauko akwatinsa a cike.

Abokin hirarsa ya zama lemun. Da safe ya fito da kofin shayi ya tsaya a gabansa, ya ba shi labarin abin da rediyo ta ce, ya zagi gwamnati kaɗan, ya koma ciki. Don haka shi ya fara ganin canjin. A shekara ta biyu da rasuwar Glenys tsofaffin ganye suka fara yin rawaya. A ta uku rawayar ta kai har sama, ganye na zuba ko iska babu, 'ya'yan da suka tsaya ba su fi a ƙirga da yatsu ba, su ma 'yan ƙanana. Ya duba ɓawo ko tsutsa ce, babu. Ya haƙa magudana ko ruwa ke kwanciya, ba shi ba ne. Ya rage rassa yadda ake yi wa tuffa, abin ya ƙara lalacewa. Taki kaɗai bai gwada ba, don ko a mafarki bai kawo shi ba. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko a asibiti gaban gadon Glenys, don a can akwai likitoci da mutane, a nan kuwa shi kaɗai ne.

Wata Alhamis Merv, mai shagon, yana raba kati ya dube shi ya ce, "Athol, an kwana biyu ba ka ba mu labarin sarkin sanyi ba. Har mun fara hutawa."

"Ba ya jin daɗi."

"Af! Ko dai ka daina yi masa fitsari ne? Tsufa ya sa ba ka iya riƙewa har ka kai can?"

Aka fashe da dariya, don duk namijin da ke da lemu a kwarin nan ya san da me yake shayar da shi in matarsa ba ta kallo.

"Rufe mana baki," in ji Athol. "Lemun bango ake yi wa wannan ƙazantar. Nawa bai taɓa roƙon kowa komai ba."

Muryarsa ta karye a ƙarshen maganar. Merv ya ajiye katin. "Ka ga, akwai wata 'yar ƙanwar matata, Tamsin, tana tuƙa motar 'yan makaranta a birnin Hobart. Suna da wata ƙungiya ta masu shuka lemu a cikin sanyi, suna ta musayar rassa da iri. Mahaukata ne irinka. Bari in turo maka ita."

Ranar Asabar ɗin da za ta zo, Athol ya goge riga, ya sayo biskit, ya share baranda sau biyu. Tamsin ta iso da takalmin roba, mace mai kusan shekara arba'in da fara'a. Ya kai ta gaban lemun ya zuba mata labarin tun daga gashin kaza, ta saurara har ƙarshe ba ta katse shi ba, abin da ya daɗe bai samu ba. Sannan ta tsinko ganye ɗaya ta ɗaga. A wuyan ganyen akwai wani ɗan ƙaramin ganye kafin babban, kamar an ɗaure masa ƙugu.

"Baba, ka ce ubansa mai yatsu ukun nan ne?"

"Da hannuna na shafa furen."

"To ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Duk ɗan da wancan ya haifa, da yatsu uku yake fitowa. Na shuka su ba adadi, ban taɓa ganin wanda ya saɓa ba."

"Yarinya, tun ba a haife ki ba nake shuka iri. Ƙwayar tuffa…"

"Lemu ba tuffa ba ne, Baba." Ta sa farce ta karce ɓawon ɗaya ta shinshina, ta lumshe ido. "Wannan yuzu ne, na duwatsun Japan. Shi kansa ruwa biyu ne, an ce wani lemun dutse da wani na zaƙi suka haɗu a ƙasar Sin tun zamanin da ba wanda ya sani. Samun babba irin wannan a fili, wallahi 'yan ƙungiyarmu sai su yi kuka. Amma ba ɗan lemun tsaminka ba ne. Kuma yunwa ke cinsa."

"Sama da shekara talatin bai ci komai ba!"

"To wani abu yake ci, ko ka sani ko ba ka sani ba. Ni dai shawarata, ka nemo uwarsa. Duk mai ita ya san yadda ake riƙe shi a wannan ƙasar, ya fi ni sani."

Athol ya ce mata ya gode, hanya tana da nisa, gara ta kama ta da wuri. Ta tafi ba ta ko zauna ba. Biskit ɗin ya kwana a faranti a baranda, tsuntsaye suka yi masa aiki da safe.

Kwanaki ya yi bai je wurin lemun ba. Ta taga yake hango shi, ya kawar da kai. Abu ɗaya ya taɓa yi a duniya wanda katafila ba ta ture ba, ga wata mai tuƙa mota ta zo ta karɓe shi da farce ɗaya. Ya so ya ce ƙarya take yi, amma shi mai aikin itace ne, ya san idon wanda ya san abin da yake faɗa. Kuma fushi ba ya hana ganye zuba.

Japan. Duk kwarin mutum ɗaya ce wannan kalma ke nunawa: matar Ron Garth, wadda Ron ya auro a can lokacin da yake soja bayan yaƙin duniya. Sachiko sunanta, amma shekara hamsin matar Ron muke ce mata, har bayan Ron ya mutu. Ba a yi mata wulaƙanci ba, ba a kuma ja ta a jiki ba, abin kunya ne amma haka aka yi. Gidanta a gada ta biyu yake. Tsakaninta da Athol bai wuce ɗaga yatsa ɗaya daga kan sitiyari ba in ya zo wucewa.

Ya je gidan ya tarar an sayar wa mutanen birni, sun share bayan gida sun shimfiɗa ciyawa. Sabon maigidan ya nuna masa wani faffaɗan kututturen lemu da suka sare. "Ƙaya ta yi masa yawa, ga yara suna wasa. Taurin kai gare shi kuwa, kullum sai ya toho, kullum ina bi da injin yanka." Athol ya durƙusa da ƙyar, ya laluba gefen kututturen, ya samo wani ɗan toho da injin ya tsallake. Ganyen da ƙugunsa, sak na gida. Ya tambayi inda tsohuwar take, aka ce tana gidan kula da tsofaffi a cikin gari.

Washegari da hantsi ya tsinki uku mafi dama-dama a cikin 'ya'yan da suka rage, ya sa a aljihun kwat. Ya same ta a kujera bakin taga, 'yar tsohuwa ƙarama, bargo a cinya. Tun bai yi magana ba ta ɗaga kai ta ja iska ta hanci.

"Mijin Glenys," ta ce. "Ka daɗe a hanya."

"Misis Garth, na zo ne…" Ya sa hannu a aljihu. Ya ciro lemun ya sa mata a hannu.

Ta riƙe shi da hannu biyu ta kai hanci, ta daɗe a haka. "Tun da aka kawo ni nan ban ji shi ba," ta ce. "Zauna mana, kana tsaye kamar mai karɓar haraji. Uwata ce ta ɗinke mini ƙwayoyinsa a bakin kwat ranar da zan hau jirgi. Guda ɗaya ya yi. Ranar da yini ya fi gajarta a shekara, a garinmu cikin ruwan wanka muke zuba shi. Ron yakan leƙo ya ce, matar nan za ta dafa kanta, a kawo gishiri."

Ta yi 'yar dariya. Athol bai iya taya ta ba.

"Yaya aka yi ɗan naki ya shiga gwangwanina?"

"Ashe ba ta faɗa ba har ta tafi." Ta gyara bargon. "Shekarar da ka tafi arewa aiki, ka tuna baƙin sanyin da ya sauka, wanda ba ya barin fari a ciyawa, sai dai ka ga komai ya ƙone? Da sassafe sai ga Glenys a ƙofata da gwangwani a hannu, ko safa babu a ƙafarta. A lokacin ban san ta ba sai gaisuwa. Naka ya zama kamar dafaffen alayyafo. Tana kuka tana cewa, 'Ya ce kada in shigar da shi, ni kuma na bi maganarsa. In ya dawo ya ga wannan, shi kenan, ba zai sake tashi ba.' Ta taɓa hango nawa ta kan shinge yana tsaye cikin ƙanƙara. Ina da 'yan tsiro a gwangwanaye, na ce ta zaɓa. Ta zaɓi wanda ya fi kama da naka."

"Me ya hana ta gaya mini?"

"Ta yi niyya. Ta ce bari ka ci abinci ka huta tukuna. Sai ta leƙa ta tagar kicin ta gan ka a durƙushe gaban kututture kana dariya kai kaɗai. Ta ce mini, 'Sachiko, shekara biyu ban ji wannan muryar ba. Ba da bakina za a kashe ta ba.'"

Athol ya dubi hannuwansa. A gefen ɗakin wata tsohuwa na barci gaban talabijin.

"Duk shekarun nan ina cewa hannunta na kashe shuka. A gaban mutane."

"Tana ba ni labari. Mukan yi dariya." Tsohuwar ta juya lemun a tafinta. "Wani lokacin ba ta dariya."

Ba ta sassauta masa ba.

"Kai a zatonka sayen kifi ke cin yini guda? A kicin ɗina take zama kowace Laraba. Ta koya mini gasa burodinku, na koya mata riƙon lemu. In naku ya nuna ta kawo mini a kwando mu gwada da nawa. Duk kwarin nan ita kaɗai ta taɓa kirana da sunana."

"Yana mutuwa," in ji Athol. "Tun da ta tafi yake rawaya. Ban san me yake so ba."

"Yo ai dole! Wa ke ba shi abinci?" Ta dube shi kamar yaron da ya zubar da madara. "Kan kifi da hanji, da ciyawar teku in an samu. Ba a gindi ba, can inda ruwan ganye ke ɗiga. Daga fitowar fure zuwa tsakiyar zafi, sannan a daina. A nan kaɗai kake da gaskiya, in aka ba shi gab da sanyi toho zai ƙone. Ran Alhamis take yi, in ka tafi katinka. Da cokalin miya take haƙawa, ta ce ko an gusar da sheburinka taku ɗaya kana ganewa."

Ya miƙe zai tafi, ta kama masa hannun riga. Ƙarfin riƙon ya ba shi mamaki.

"Nawa sun sare shi. 'Yan'uwana na can duk sun ƙare, gidanmu ma an ce ruwan dam ya cinye. Naka kaɗai ya rage. Kada ka bar shi."

"Ba zan bar shi ba," ya ce. Ya kai bakin ƙofa ya tsaya, ya juyo. "Sai an jima, Sachiko."

"Ran Laraba ba ni da baƙo," ta ce, tana kallon taga.

Hunturu bai ƙare ba a lokacin, kuma ta ce kada a ba shi komai sai fure ya fito. Don haka Athol, wanda ya taɓa jiran shekara goma sha wani abu don fure ɗaya, ya sake zaman jira, wannan karon da fargaba. Kowace safiya ya fito ya ga abin da sanyi ya bar masa. Kowace Laraba ya goge riga ya sauka gari. Ba su cika magana ba. Takan ba shi labarin Glenys gutsure-gutsure, yadda take kwaikwayon tafiyarsa, da waƙar da take so, da cewa ta so ganin teku mai ɗumi ko sau ɗaya. Shi ya zauna yana jin labarin matarsa a bakin wata, kamar ana ba shi labarin wadda bai taɓa haɗuwa da ita ba.

Lemun bai mutu ba. In ka haura yau za ka same shi kore shar, Tamsin ma ta dawo ta yanki rassa ta raba wa mahaukatanta. Sai dai labarin ya mutu. Ka ce wa Athol ana sanyi, zai ce maka eh, ana yi, ya ci gaba da duba katinsa. Merv ya ce da ya san haka abin yake da bai yi ƙorafi ba.

Amma ranar da ya fara ba shi abinci, babu kowa a wurin. A watan Oktoba ne, 'yan furanni kaɗan sun fito a rassan da suka rage. Ya tsaya a gada ta biyu ya ce a ba shi kifi.

"A cire kai?" in ji mai kifin.

"Bar shi."

"Yadda uwargida ke saya ke nan," in ji mutumin, yana naɗewa a takarda.

Da ya koma gida, Athol ya ɗauki shebur ya tsaya a inda inuwar rassa ta ƙare, ya taka. Bai yi zurfi ba ya ji wani abu ya yi ƙas. Ya sunkuya ya tona da yatsu: ƙashin muƙamuƙin kifi, ya yi ruwan ƙasa, da 'yan ƙananan ɓawon teku irin waɗanda ke maƙalewa a ciyawa. Ya mayar da ƙasa a hankali ya rufe, don bai so ya taɓa mata aiki ba. Ya gusa taku ɗaya ya sake haƙawa, sai ga wani. Ya gusa. Ya matso kusa da gindi, nan ma akwai, tsofaffi, suna marmashewa a hannu, na zamanin da lemun bai kai ƙugu ba. Ƙaya ta yage masa riga bai kula ba. Daga kicin rediyo na ta magana ita kaɗai.

Ya zagaye lemun kaf da kan kifi a hannu, yana neman inda zai binne shi. Bai sami ko wuri ɗaya da Glenys ba ta riga shi ba.